Farautar Haske a Duhun Yawuri

Wutar lantarkin da ake haɗawa a madatsar Kainji tana tafiya nesa. Tana shiga manyan layukan ƙasa, wani reshe kuma ya bi ta Birnin Kebbi ya tsallaka iyaka har Yamai. Ƙauyukan da ke bakin tafkin da ke juya injinan kuwa, da yawansu da an idar da sallar isha'i duhu ke rufe su ruf, in ban da 'yar fitilar sola a teburin mai shayi da tocilan masunta. Wannan ba abin alfahari ba ne. Mutanen da aka tasa daga gidajensu, kimanin 44,000, sa'ad da aka toshe kogin Kwara a 1968, sun fi kowa cancantar ganin ƙwan lantarki a ɗakunansu. Sai dai ga mai ɗaukar hoton sararin samaniya, duhun nan shi ne jarin da kuɗi ba sa saya, kuma shi ya kai ni ƙasar Yawuri a tsakiyar hunturu.

A 2016 wasu masana a ƙarƙashin jagorancin Fabio Falchi, ɗan Italiya, suka fitar da taswirar hasken dare ta duniya. Suka gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na 'yan Adam ba sa ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama, domin fitilun garuruwansu sun shafe shi. Ƙasashen da suka fi tsira da duhunsu su ne irin su Chadi da Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Bature mai sha'awar hoton gajimaren taurari, wanda masana ke kira nebula, sai ya tuƙa mota ya yi nisa da gari, ko ya kama hayar madubin hangen nesa a Chile ko Namibiya ya riƙa sarrafa shi ta intanet. Yelwa, babban garin Yawuri, kuwa, bayan duhun da ke kewaye da ita, tana da wata baiwar: ba ta kai digiri 11 arewa da tsakiyar duniya ba. Gajimaren Oriyon yana hawa har digiri 74 a samanta, kusan tsakar ka. Gajimaren Karina, wanda mutumin Ingila ba ya taɓa gani daga ƙasarsa, yana leƙowa digiri 19 a kudu, daidai inda ruwan tafkin ya shimfiɗe babu dutse babu gini.

Abokin tafiyata ɗan ƙanwata ne, ɗalibi, mai saurin hannu a kwamfuta da ƙarancin haƙuri da duk abin da ya wuce minti biyar. Kayanmu ba su taka kara sun karya ba: kyamara irin ta masu ɗaukar biki, gilashi mai milimita 135, ƙarfe mai ƙafa uku, 'yar na'urar da ke juya kyamara ta bi taurari, da batirin sola. Lokacin tafiya kuwa wata ne ya yanke mana shi. Mai wannan sana'a da kwanan watan Musulunci yake aiki ko shi wane ne, domin farin wata yana shafe nebula kamar yadda fitilun birni ke yi. Daga wajen 25 ga wata zuwa 4 ga na gaba, nan ne kasuwarsa ke ci.

Daga Jega muka miƙe kudu, muka wuce Koko, muka saki kwalta muka nufi wani ƙauye a ƙasar Shanga, inda kogin bai riga ya buɗe ya zama tafki ba. Shangawa suna da harshensu na dangin Mande, amma Hausa ta ci ƙarfinsa, da ita muka yi gaisuwa har muka tashi. A wannan zamanin ba a kafa ƙarfe mai ƙafa uku da jar fitila a bayan gari tsakar dare sai an gai da masu gari, in ba haka ba a ɗauke ka ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, kuma ba za ka ga laifin kowa ba. Mai gari ya saurare mu har ƙarshe.

"Malam, yanzu taurarin ma hoto ake yi musu? To, Allah ya ba da sa'a. Amma kada ku wuce filin makaranta."

"Ranka ya daɗe, ba za mu wuce ba."

Ya haɗa mu da 'yan banga biyu, suka zauna a gindin bango da bargunansu.

Matsalar farko ta wurin ce. Duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa, don haka in aka buɗe idon kyamara ya daɗe, taurari sai su zama zare. Na'urar bin taurari tana gyara wannan, amma sai an saita ƙashin bayanta ya fuskanci tauraron arewa, shi kuwa tsayinsa a sama daidai yake da nisan wuri daga tsakiyar duniya. A Turai yana can sama a fili. A Shanga ɗan digiri 11 ne, cikin ƙurar hunturun da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi. Mun same shi da ƙyar, yana ɓuya yana fitowa. Saboda saitin ba na bugun ƙirji ba ne, muka tsaya a kan daƙiƙa 60 ga kowane hoto. Ba asara ba ce sosai. Kyamarorin yanzu ba sa ƙara datti mai yawa a duk karatun hoto ɗaya, gajeru masu yawa suna kusan kamo dogaye kaɗan, kuma in iska ta girgiza ƙarfe minti ɗaya ka rasa, ba goma ba.

Hoton farko ya fito. Ga taurari uku na ɗamarar Oriyon a gefe, ga wani ɗan tabo mai ruwan hoda a ƙasansu, sauran fili duk tsaki-tsaki ne ja da kore da shuɗi.

"Kawu, ai wannan yashi ne zalla. Kyamarar ce ba ta da kyau."

Abin da kowa ke faɗa ke nan, kuma nan ne kuɗin mutane da yawa ke zurarewa. Mafi yawan yashin nan a cikin hasken kansa yake. Haske ba ya kwarara, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma zuwansa ba shi da tsari. Gajimaren Oriyon yana nisan da haske ke yin shekara kusan 1,340 kafin ya iso mu, abin da ke faɗa wa kowane ɗigo na idon kyamara daga gefunansa masu dushi-dushi a minti ɗaya bai taka kara ya karya ba. In matsakaicin abin da ɗigo ke samu ƙwaya 100 ne, wani zai sami 90, maƙwabcinsa 110: tangaɗin ya kai kashi ɗaya cikin goma, ido kuma yana ganinsa. In aka tara ƙwaya 10,000, tangaɗin ya zama 100. Ya ƙaru, amma yanzu kashi ɗaya cikin ɗari ne, ido ba ya kama shi. Walter Schottky, Bajamushe, ya bayyana irin wannan tangaɗin tun 1918 a cikin kwararar lantarki, kuma har gobe babu kamfanin da ya ƙera kyamarar da ta kuɓuce masa.

Maganinsa tarawa. A ɗauki abu ɗaya sau da yawa, manhaja ta jera taurarin kowane hoto a kan na ɗan'uwansa, ta fitar da matsakaici. Abin da ke sama da gaske yana nan a wuri ɗaya kullum, yashin kuwa yana sauya wuri, sai ya riƙa cinye kansa. Hoto 4 sun ninka tsabtar hoto ɗaya sau 2. Hoto 16 sau 4. Hoto 100 sau 10. Mai son sau 20 sai ya kawo 400. Lissafin nan ba ya karɓar cin hanci.

Nan kuma darajar duhu take. Saman da ya yi haske shi ma ƙwayoyinsa suna faɗawa cikin kyamara. Kwamfuta tana iya cire matsakaicinsu, amma tangaɗinsu yana zama daram. In saman wani birni ya fi na ƙauye haske sau 16, to abin da mai ƙauye ya samu daga nebula mai dushi-dushi a awa ɗaya, mai birni sai ya yi kusan awa 16. Tazarar da ke tsakanin tsohuwar kyamara da sabuwa ba ta kai ko kusa da wannan ba. Kuɗin motar Yawuri ya fi sabuwar kyamara riba.

Magabatan sana'ar ma da lokaci suka yi ciniki. Henry Draper, likita a Amurka, shi ya fara ɗaukar hoton wannan gajimaren ranar 30 ga Satumba 1880, ya bar farantinsa a buɗe minti 51. A 1883 Andrew Common, wanda sana'arsa injiniyan tsabtace ruwa ce, kallon taurari kuwa sha'awa, ya ɗauke shi daga bayan gidansa a Ealing ta Landan da madubi mai inci 36, har taurarin da ido ba ya gani a cikin madubin suka bayyana a hoton. Su da hannu suke bin tauraron, ido a manne, cikin sanyin dare. Mu muna zaune a tabarma muna shan shayin 'yan banga.

Duk bayan 'yan hotuna nakan tashi in ɗan gusar da kyamara, gusawar da ba ta fi kaurin gashi ba a fuskar hoton. Yaron ya ɗauka rashin zama ne. A kowane idon kyamara akwai ɗigogin da ke ƙuna da kansu, ja ko shuɗi, ko da babu haske. In ba a gusa ba, manhaja za ta ɗauke su abin gaske, kuma da yake saiti yana ɗan zamewa a hankali, sai su ja layi-layi a karkace a duk faɗin hoton, irin dattin da ya fi kowane wuyar fita daga baya. In aka gusa, lalataccen ɗigo yana faɗawa a wuri daban kowane lokaci, sai manhaja ta gane shi bare ne ta jefar. Da wannan dabarar take share layin jirgin sama da na taurarin ɗan Adam, waɗanda suka yawaita tun da aka fara harba na Starlink a 2019. A farkon dare da gabanin asuba sun fi damu, lokacin da rana ke haska su daga ƙarƙashin ƙasa.

Daga Shanga muka wuce Yelwa, gari ne na rana. Bakin ruwa cike da kwale-kwale da jiragen inji, buhunan albasar da Gungawa suka shahara da nomanta, kwandunan busasshen kifi, 'yan dako suna ihu a ba su hanya. Nan ake yin Rigata, gasar tseren jirage da ninƙaya ta masarautar Yawuri. Da dare kuwa janareto da fitilun kan titi suna tura haske cikin ƙura, ƙurar ta watsa shi ko'ina, saman garin ya yi ja. Ba mu kafa komai a nan ba. Muka yi caji, muka yi barci, muka duba hotunan gyara.

Su ne rabin aikin da ba a nuna wa kowa. Idon kyamara yana haifar da nasa lantarkin saboda zafi kawai, ko an rufe shi da murfi, kuma yawan wannan yana ninkawa duk ƙarin zafin digiri 6 ko kusa da haka. Idon da ke digiri 15 a daren hunturu da wanda ke 33 a daren bazara, tsakaninsu ninki 8 ne. Shi ya sa hunturu, duk da ƙurarsa, ya fi Maris da Afrilu, watannin da zafin Yawuri ke kai 40 da rana kuma dare ba ya hucewa. Masu hali suna sayen kyamarori na musamman masu sanyaya kansu digiri 30 ko fiye ƙasa da iskar wuri. Marasa hali su kashe allon bayan kyamara, domin yana ɗumama ta, su kuma ɗauki hotunan duhu: murfi a rufe, tsawon lokaci ɗaya, zafi ɗaya, nan take a filin kafin gari ya waye, ashirin ko talatin. Kwamfuta ta tara su ta cire daga hotunan sama. Wanda ya bari sai ya koma ɗaki da hantsi, ya ɗauki zafin wani lokaci ne daban, zai cire abin da babu shi ya bar ramuka baƙaƙe. Wani abin sha'awa: na'urar nan mai mayar da haske lissafi, wadda daga baya ta kori fim, Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro ta a 1969, shekarar da aka yi bikin buɗe madatsar Kainji.

Sai hotunan fari. Kowane gilashi yana dusashe haske a kusurwoyi, kowace ƙwayar ƙura da ta sauka a ciki tana barin inuwa mai siffar zobe. A hoton biki ba mai lura. A hoton nebula, da za a ja haskensa sau ɗaruruwa, zoben yana fitowa ɓaro-ɓaro. Da asuba, kafin a taɓa gilashin ko a juya shi, sai a lulluɓe bakinsa da farin ƙyalle a fuskanci sama a ɗauka. Hoton da ya fito taswirar aibin kayanka ne, kwamfuta ta raba hotunan sama da shi, aibin ya ɓace. A hunturun ƙasar Hausa wannan wajibi ne kowane dare, domin ƙurar jiya ba ita ce ta yau ba.

Daga Yelwa, hanyar Wara ta bi da mu ta Birnin Yawuri, tsohuwar hedikwatar masarautar, a ƙaramar hukumar Ngaski. Da rana tsaka muka wuce, kuma da muka zo daidai kwalejin tarayya da aka kwashi ɗalibanta a Yunin 2021, hira ta mutu a motar. Ƙasar nan ta zinariya ce tun zamanin Turawa, har yau kana ganin matasa a bakin rafi da kwanoni suna wanke ƙasa. Na sa direba ya rage gudu don yaron ya gani. Kwano ɗaya ba ya ba da komai sai ɗan ƙyalli, sai an wanke da yawa ake tara abin awo. Mai gaggawa kuma, wanda ya karkata kwanon da ƙarfi don yashi ya fita da wuri, garin zinariyar yana bin ruwa tare da yashin. Aikinmu ke nan daga farko har ƙarshe.

A Wara tafkin ya zama teku. Tsawonsa ya haura kilomita 130, inda ya fi faɗi ya kai 24, kuma a wannan lokacin yana cike, domin baƙin ruwa, ambaliyar da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, a hunturu take isowa bayan farin ruwan damina ya wuce. Can kudu a ƙarƙashinsa tsohuwar Busa take, inda Mungo Park ya halaka a 1806. Mutanen Wara ba su manta da jirgin da ya nitse da mutane masu yawa a Mayun 2021 ba, da na ambaci sha'awar kwana a tsibiri sai Sarkin Ruwa ya girgiza kai, ni ma ban ja ba. Dama ƙasa mai ƙarfi muke bukata. Muka kafa a kan wani tudu arewa da gari.

A nan fitilu ba a bayanmu suke ba, a kan ruwa suke: masunta masu jawo warangi, ƙananan kifin nan da ake shanyawa, suna bin haske. Fitilun ba su da ƙarfi, amma sun isa su sa gindin kowane hoto ya fi samansa haske. Wani tsohon masunci ya zo ya tsuguna kusa da mu yana kallo. Na juya kyamara kan Kaza da 'Ya'yanta, na nuna masa.

"Baba, ka gane su?"

"Kaza ce. Amma 'ya'yan sun yi yawa, Malam. Wannan shuɗin hayaƙin fa?"

Shuɗin ƙura ce ta sararin samaniya da taurarin ke ratsawa, tana mayar da haskensu, nisan shekarar haske kusan 440. Ita ba ta da hasken kanta. Oriyon da Karina daban suke: iskar haidirojin ce da manyan taurari masu zafi suka kunna, tana fitar da ja tsantsa mai tsawon zango nanomita 656, iskar oksijin kuma tana ba da kore-shuɗi a 501. Shi ya sa ake sayar da matacin haske mai barin waɗannan biyun kawai su wuce ya tare saura, da shi mutanen birni ke ɗaukar nebula a ƙarƙashin fitilu, har da wata a sama. A kan Kaza ba ya amfana komai, ya ma kashe ta. Kyamara irin tamu kuma ba don jan nan aka yi ta ba. Akwai gilashi a gaban idonta mai tare mafi yawansa don fatar mutum ta fito daidai, sannan a tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, cikin kowane ɗigo huɗu biyu kore ne, ɗaya shuɗi, ɗaya kacal ja. Don haka jan hoto shi ya fi kowane launi yashi.

Karina ta hau iyakar hawanta gabanin kiran assalatu. Nicolas de Lacaille, Bafaranshe, ya rubuta ta a 1752 daga kudancin Afirka, tana nisan shekarar haske fiye da 7,000, ta fi Oriyon faɗi a sama nesa ba kusa ba, kuma wani gefe na yankinta yana cikin hotunan farko da madubin James Webb ya aiko a Yulin 2022. A digiri 19 haskenta yana ratsa kaurin iska sau uku na abin da ke tsakar ka, iskar kuma ta hunturu ce. Ga raɓa: ko a rani bakin tafki yana da laima, gab da asuba gilashi yana yin gumi, taurari su kumbura. Muna da ɗan ɗamarar ɗumama gilashi mai aiki da batir, ita ta cece mu. Duk da haka hotuna da dama ba su shiga tari ba. Hoto mai hazo ba ya ƙara komai, rage na kirki yake yi.

A masaukinmu na Yelwa muka buɗe kwamfuta. Manhajar Siril kyauta ce, haka DeepSkyStacker da GraXpert. PixInsight ta kuɗi ce. Duk wadda aka ɗauka, ɗanyen fayil take so, wanda kyamara ba ta matse ba ta kuma goge ba, domin gogewar cikin kyamara tana cinye ƙananan taurari tun kafin ka gan su. Bayan tari, abin da ke fitowa baƙi ne ƙirin da 'yan ɗigogi. Komai yana ciki, a dunƙule a can ƙasan ma'auni, kuma yawancin gyara a wannan halin ake yin sa, kafin a ja haske. A yanke gefuna. A cire karkatar hasken da fitilun masunta suka bari, da hattara kada manhaja ta ɗauki gefen nebula a matsayin datti. A daidaita launi da taurarin da kumbon Gaia na Turai, wanda aka harba a 2013, ya auna launinsu na gaskiya, maimakon abin da ya yi wa ido daɗi. Sannan a rage yashi. Sannan a ja haske, kaɗan-kaɗan, ba a tashi ɗaya ba. Tsakiyar Oriyon, inda taurari huɗu ke cure, tana ƙonewa fari fat a daƙiƙa 60, don haka muka ɗauki wasu na 'yan daƙiƙoƙi muka dasa a wurin.

A kan rage yashi muka yi musu. Akwai manhajoji yanzu da aka horar da dubban hotuna, irin su NoiseXTerminator ta Russell Croman da wadda ke cikin GraXpert, kuma aikinsu abin mamaki ne. Yaron ya ja ma'aunin har ƙarshe a kan Karina. Hoton ya yi sumul, ya yi santsi, ya fito da wasu zare-zare masu kyau a gefe.

"Kawu, dubi! Ina amfanin kwanan sanyin da muka yi?"

Na ce ya raba hotunan gida biyu, na ɗaya da na uku da na biyar a gefe guda, na biyu da na huɗu da na shida a ɗaya gefen, ya tara kowane gida daban, ya yi musu gogewa iri ɗaya. Babban jikin gajimaren da baƙin layin da ya raba shi sun fito a duka biyun. Zare-zaren gefen kuwa, a gida ɗaya sun karkata hagu, a ɗayan babu su sam. Manhajar ta tarar da tangaɗi, ta yi masa siffar abin da ta saba gani. Wannan gwajin ba ya cin ko kwabo, kuma ina ganin duk mai sa hoton sama a Facebook ya kamata ya yi shi kafin ya karɓi yabo.

Ba ƙin gyara nake yi ba. Babu hoton nebula da ba gyararre ba, ido ma a madubi toka-toka yake ganin Oriyon, jan sai kyamara. Shahararren hoton nan na ginshiƙan ƙura da madubin Hubble ya ɗauka a 1995, launukansa na aro ne: an ba sulfa ja, haidirojin kore, oksijin shuɗi, kuma masu shi sun faɗa. Wanda ya sauya launi ya faɗa bai ɓoye komai ba. Wanda ya bar manhaja ta zana masa zaren da kyamararsa ba ta kama ba, ya ce ga abin da na ɗauko a Wara, shi ne na ke da ja da shi. Ƙa'idata mai sauƙi ce. Gogewa ta fi yawa a bango mai duhu, ta yi sauƙi a kan jikin nebula. A fi matsa wa yashin launi, a sassauta wa na haske, domin a cikinsa siffa take. Bango kada ya zama baƙi ƙirin, toka mai duhu ya kamata, saboda sama ba baƙa ba ce, kuma wanda ya datse ƙasan ma'auni don ɓoye yashi ya datse ƙurar da ke kewaye da nebula tare da shi. In hoto ya ƙi, a rage girmansa: haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya yana ninka tsabta sau biyu ba tare da ƙirƙirar komai ba, kuma a fuskar waya babu mai ganin bambanci.

Oriyon ya fito yadda ake so, da fikafikansa, har da ɗan duhun Kan Doki kusa da tauraron gabas na ɗamara, wanda Williamina Fleming ta fara lura da shi a farantin hoto a Harvard a 1888. Mun bar masa ɗan tsaki a bango. Karina ba ta isa nunawa ba, muka rage girmanta muka ajiye. Ɗanyun hotunanta suna nan a faifai biyu, domin tari ba ya tambayar daren da aka ɗauki hoto, na bana da na baɗi suna haɗuwa muddin kowane dare yana da nasa hotunan gyara. A ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris tana kaiwa ƙololuwa wajen ƙarfe ɗaya na dare, ta ba da awanni maimakon ɗan guntun gabanin asuba. Amma a lokacin zafi ya fara shigowa, sai an sake hotunan duhu daga farko, ruwan tafkin kuma ya fara ja da baya, masunta da fitilunsu sun matsa can tsakiya.